Mai Bin Diddigi: Amsoshi Kan Kalmomi da Karin Maganar Labaran Bincike

Wasiƙun wannan karon yawancinsu wuri guda suka dosa: labaran nan da ake aikata laifi a ɓoye, kowa ya rasa inda zai sa kansa, sai wani mai kaifin basira ya zo ya tono wanda ya yi. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: Malam, ina mayar da wani gajeren labarin Sherlock Holmes zuwa Hausa. Me zan kira sana'arsa? Wani abokina ya ce ɗan leƙen asiri, wani kuma ya ce ɗan sandan ciki.

Ɗana, duka biyun ba su hau ba, amma ɗaya ya fi ɗaya nisa. Ɗan leƙen asiri aikinsa ya sato sirrin wasu ya kai wa waɗanda suka aike shi, kuma ranar da aka gane shi aikinsa ya ƙare. Holmes kuwa kowa ya san ƙofarsa, gida mai lamba 221B a titin Baker cikin Landan, mutane ne ke takowa da ƙafarsu su kawo masa abin da ya dame su. Wannan sunan ka ajiye shi gefe.

Ɗan sandan ciki, wanda mutanen gari ke kira si'aidi, ya fi kusa. Sai dai shi ma'aikacin hukuma ne, yana da albashi, yana da na gaba da shi, yana da ikon kama mutum. 'Yan sandan Landan sun buɗe irin wannan sashe tun 1842, aka sake masa fasali a 1878. A cikin labaran, Sufeto Lestrade shi ne ɗan sandan ciki, kuma shi ke zuwa wurin Holmes neman shawara idan abu ya cije. In ka ba su suna ɗaya ka rushe abin da labarin ya tsaya a kai. Da a ce Maigret kake fassarawa, ɗan sandan nan na birnin Faris da Georges Simenon ya fara fitar da littattafansa a 1931, da sunan ya zauna daram. Ka kuma guji jami'in farin kaya, domin kunnen mai sauraro a yau zai tafi wurin jami'an tsaron ƙasa ne.

Ni abin da na zaɓar maka shi ne mai bin diddigi. Muna da bin sawu, aikin maharbi da makiyayin da aka kore wa shanu cikin dare: ya duƙa ya duba ƙasa, ya gane ko dabbobin a guje suke ko a tafe, ko mutum nawa ne ke bayansu, ko raɓa ta sauka a kan sawun ko sawun ne ya taka raɓa. Bin diddigi kuwa ya baro ƙasa ya shiga magana da al'amari. Mutum ne ya ƙi sakin zance sai ya kai tushensa. Holmes yana yin duka biyun. A littafin farko da Arthur Conan Doyle ya fitar da shi, a 1887, ya auna faɗin takun mai kisan ya faɗi tsayinsa, ya tattara tokar sigari ya faɗi irin tabar da ya sha. Wannan bin sawu ne tsantsa. Daga nan ya bi maganganun mutane da tarihinsu har ya kai ga dalilin kisan, wannan kuma diddigi ne. Tunda na biyun ya fi faɗi, shi ya fi cancanta da zama sunan sana'a, ka bar bin sawu ga wuraren da mutumin ya durƙusa a ƙasa da gilashinsa mai ƙara girman abu.

Ba kai ne farkon wanda ya tsaya a wannan mararraba ba. Marubucin Bangal Sharadindu Bandyopadhyay, da ya ƙirƙiro Byomkesh Bakshi a 1932, bai yarda gwarzonsa ya ɗauki sunan Turanci ba, sai ya sa ya kira kansa da kalmar da ke nufin mai neman gaskiya.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: Mene ne bambancin "ruwa ba ya tsami banza" da "biri ya yi kama da mutum"? Ina jin mutane suna musanya su.

Malama, tambayarki ta fi sauran faranta mini rai, domin tsakanin waɗannan karin magana biyu ne dukkan labaran bincike suke zaune.

Na farkon bai ambaci kowa ba. Cewa kawai ya yi duk canjin da kika gani akwai abin da ya jawo shi. Ruwa da kansa ba shi da tsami. In ya yi, an jiƙa wani abu a ciki. Maganar mai fara bincike ce. Na biyun kuwa ya riga ya nuna wani da yatsa: alamu sun fara dacewa da wanda ake zargi. Amma ki lura da kalmar da magabata suka zaɓa, kama. Ba su ce biri mutum ne ba. Ashe karin maganar da kanta tana ɗauke da gargaɗi, mu ne muke mantawa da shi idan rai ya ɓaci. Shi ya sa aka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Akwai wani tsohon labarin Larabawa da Ɗabari ya kawo a tarihinsa, wanda ya haɗa karin maganar biyu a wuri ɗaya. 'Ya'yan Nizaru su huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, suna kan hanyar Najran sai suka gamu da mai neman raƙuminsa. Ɗaya ya ce, mai ido ɗaya ne? Ɗaya ya ce, yana karkata gefe guda in yana tafiya? Ɗaya ya ce, guntun wutsiya gare shi? Na huɗun ya ce, mai yawan firgita ne? Mutumin ya amsa duka, ya ce to su ba shi abinsa. Suka rantse ba su gan shi ba. A wurin mai raƙumi, biri ya yi kama da mutum, har ya ja su gaban mai hukunci. Can suka yi bayani. Ciyawar gefe ɗaya kawai aka ci, aka bar ta ɗaya gefen. Sawun ƙafa ɗaya ya zauna sosai, ɗayan ya ɓaci. Kashin a tare yake wuri guda, da akwai wutsiya da ta watsa shi. Dabbar kuma takan bar ciyawa mai kyau ta wuce zuwa marar kyau. Su ruwa ba ya tsami banza suka bi, mai raƙumi kuwa kama ta ruɗe shi.

Malamanmu na zaure sun san wannan ilimi da sunayensa na Larabci, ƙiyafa ga karanta sawu da kamanni, firasa ga karanta halin mutum daga zahirinsa. Hatta kalmar dalili da muke faɗa kullum, a Larabci tana nufin ɗan jagoran da ke nuna hanya.

Irin wannan labari ya isa Turai. A 1747 Voltaire na Faransa ya sa gwarzonsa Zadig ya siffanta karyar sarauniya da dokin sarki daga sawunsu kaɗai, shi ma aka tuhume shi da sata. A 1841 Edgar Allan Poe na Amurka ya fito da Dupin, wanda galibi ake ɗauka a matsayin mai bin diddigi na farko a adabin zamani. Doyle kuwa ya ga irin wannan da idonsa: ya yi karatun likita a Edinbura a hannun Dakta Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin ya buɗe baki. Shi ya sa a haɗuwar farko Holmes ya dubi Watson, wanda ya zama abokinsa, ya ce daga Afganistan yake: likita mai tsayuwar soja, fuska ta sha rana amma wuyan hannu fari, ga rama, ga hannun hagu a sandare. A yawancin labaran kuma za ki ga ɗan sanda ya tsaya a kan kama, ya damƙe wanda ba shi ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Wani mai karatu daga Katsina ya ce: Wace karin magana ce ta dace da labarin karen da bai yi haushi ba?

Da ɗan gari akan ci gari. Ga waɗanda ba su san labarin ba, Doyle ya buga shi a 1892: an fitar da dokin sukuwa daga barga cikin dare, karen da ke gadi bai ce uffan ba. Holmes ya gane cewa wanda ya shigo kare ya san shi, kuma mai horar da dokin ne da kansa. Agatha Christie, wadda ta fara da nata mai bin diddigin, Poirot, a 1920, ta yi ta gina littattafanta a kan wannan: gida ɗaya, mutane kaɗan, mai laifin yana cikin masu cin abinci tare. Idan kuma ka zo wurin da mai bin diddigi ya tara kowa a ɗaki ya jefa magana, wani ya zabura, to nan sai ka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wani marubuci daga Kano ya ce: Malam, finafinan Holmes da labaran da wasu suka rubuta da shi bayan mutuwar mai shi, kwaikwayo za a kira su ko satar fasaha? Ni ma ina son rubuta irinsu da Hausa.

Malam marubuci, kalmomin uku ne, kuma kowace da gurbinta. Idan an ɗauki labari daga littafi an mai da shi fim ko wasan dandamali, an juya shi ne. Idan an ɗauki salon an gina sabon labari da sababbin mutane, kwaikwayo ne, kuma ba abin kunya ba ne, da shi kowane almajirin sana'a ke farawa. Satar fasaha ita ce ka ɗauki aikin wani ka ɓoye sunansa ka sa naka. Abin da ake ce wa wanki a harkar fim a garinku yana faɗawa nan ne idan an ɓoye asalin.

Doyle ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kan Holmes. Ya gaji da shi har ya kashe shi a 1893 a wani magangarin ruwa na Suwizalan, masu karatu suka matsa, ya dawo da shi da rai a 1903. Tun yana raye aka fara ara. Maurice Leblanc na Faransa ya saka Holmes cikin labaran ɓarawonsa Lupin, da aka yi ƙorafi sai ya birkita haruffan sunan ya koma Herlock Sholmes. A Japan, Hirai Taro ya ɗauki sunan alƙalami Edogawa Ranpo, wato sunan Poe da lafazin Japanawa, don kowa ya san daga inda ya sha.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawancin alamomin da duniya ta san Holmes da su ba Doyle ne ya kafa su ba. Hular nan mai baki gaba da baya daga zanen Sidney Paget ta fito, a mujallar Strand. Lanƙwasasshen lofe ana danganta shi da wasan dandamali, musamman William Gillette da ya fara fitowa a matsayin Holmes a 1899. Jimlar nan da kowa ke maimaitawa, inda yake ce wa Watson abu ne mai sauƙi, ba ta zo da wannan siga a ko ɗaya daga labaran 60 ba. Ɗan wasa Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes a finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, a wasunsu Holmes yana farautar 'yan leƙen asirin Jamus a yaƙin duniya na biyu, Watson kuma aka mai da shi wani sakarai, alhali a littafi likitan soja ne mai hankali. Ɗan wasa Jeremy Brett, da ya fito a matsayin Holmes daga 1984 zuwa 1994, ya koma kusa da rubutun asali. Shirin BBC da aka fara a 2010 ya jefar da keken doki ya ba shi wayar hannu.

Nan ne karin maganar nan take aiki: kama da wane ba wane ba ne. Ni ban damu da hula ko waya ba, a sa shi a kowane zamani. Abin da nake dubawa shi ne ko an bar wa mai kallo sawun da zai bi. Da yawa daga masu kwaikwayo sun riƙe gwarzo mai ban mamaki, suka saki hujja. Sai ka ga ya faɗi mai laifi kamar wanda aka yi wa wahayi, ba a nuna maka ta inda ya bi ba. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar da muka sani tun muna yara a kacici-kacici: amsar tana cikin tambayar, shi ya sa idan ka kasa har ka ba da gari, da an faɗa maka sai ka ga ai a gabanka take. Marubutan Ingila sun mai da wannan doka a rubuce; a 1929 Ronald Knox ya jera sharuɗɗa goma, daga ciki har da cewa mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma duk alamar da mai bin diddigi ya gano a nuna wa mai karatu ita.

Saboda haka kada ka ɗauko hazon Landan ka kawo Kano. Naka gwarzon yana iya zama tsohon dillalin shanu da ke gane garken da dabba ta fito daga tsagar kunnenta, ko ungozoma da ta shiga kowane gida a unguwa. Idan ka gama rubutawa, ka ɗauki babin ƙarshe, ka bi hujjojin da gwarzon ya kawo ɗaya bayan ɗaya, ka nemo shafin da ka ajiye kowace a baya. Wadda ba ka samu shafinta ba, ka koma ka dasa ta ko ka cire ta daga bakinsa.