Amsa: Shin ya dace a ɓare bangon faifan Beatles na 1966?

Malam, ka tambaya ko za ka ɓare hoton da ke kan kwalin faifan "Yesterday and Today" na Beatles, ƙungiyar mawaƙa huɗu ta Ingila, domin ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Shawarata ita ce ka dakata tukuna.

A shekarar 1966 kamfanin Capitol ya buga faifan a Amurka da hoton da Robert Whitaker ya ɗauka, inda mawaƙan huɗu suka sanya fararen rigunan mahauta, ga ɗanyen nama da sassan 'yar tsana a jikinsu. Da dillalai suka nuna ƙyama, kamfanin ya janye shi, ya liƙa hoton mawaƙan kewaye da akwatin tafiya a kan kwalaye masu yawa.

Sai dai ba kowane kwali ne ke ɓoye tsohon hoton ba, domin bugun baya ba liƙe yake ba. Ka duba farin filin gefen dama cikin haske. Idan mai liƙi ne, za ka hango inuwar baƙar rigar da Ringo Starr, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya sanya a ƙarƙashin rigar mahauta a tsohon hoton.

Mutane da dama sun lalata nasu da tururi ko reza, alhali masu tara faifai suna daraja wanda ba a taɓa ba. Ka kai shi wurin ƙwararren mai kimanta tsofaffin faifai, musamman da yake akwai jabu a kasuwa.