Manhajar shago na tsayawa a kan wasu takardun kaya: a sa sifili a wuce?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kan sari ya aiko da tambaya. Kamfanonin da yake sari a wurinsu suna turo masa inbois, wato takardar kuɗin kaya, a fayil ɗin XML, manhajarsa ta karanta ta shigar da kayan cikin lissafin sito. Amma a kan wasu takardun sai ta cije, ta rubuto "NullPointerException". Yaron da ya haɗa manhajar ya ce gyaran mai sauƙi ne, duk inda ba a samu lamba ba a sa sifili. Shin ya yarda ya biya kuɗin wannan gyaran?

Alhaji, kada ka yarda. Tsayawar da take yi yanzu ta fi maka sauƙin asara a kan wannan gyaran.

Fayil ɗin XML rassa ne cikin rassa. A tsarin UBL, ƙa'idar rubuta takardun kasuwanci a XML da inbois na lantarki da yawa ke bi, kowane layin kaya yana cikin InvoiceLine, a ciki akwai Price, a cikinsa kuma PriceAmount, inda farashin yake. Idan manhaja ta nemi reshen da babu, amsar da take samu ita ce null, wato babu komai. Matsalar takan taso ne in an rubuta umarnin a dunƙule, a ce shiga wannan, shiga wancan, ɗauko lamba, ba tare da duba kowane mataki ba. Kamar ka aiki yaro ɗaki na uku a sito ne alhali ƙofa ta biyu a toshe take. Ba yaron da ya haɗa maka manhajar kaɗai abin ke kayarwa ba. Tony Hoare, masanin kwamfuta ɗan Ingila da ya shigo da null a 1965, shi da kansa ya kira shi kuskuren dala biliyan ɗaya a 2009.

To me sifilin zai jawo? A ce ka sari katan 200 a kan naira 18,000. Kuɗin kaya 3,600,000 ke nan. In farashin ya shiga a sifili, littafinka zai nuna kyauta ka samu kayan, duk abin da ka sayar riba ce, bashin kamfanin kuma ya ɓace daga lissafi har ranar da suka bugo waya. A kan wannan lissafin za ka fitar da zakka, ka biya haraji, ka raba riba da abokin jari.

Akwai wanda ya fi wannan ɓuya. A UBL, ragi da ƙarin caji duk a reshe ɗaya suke, AllowanceCharge. Abin da ya raba su alama ce guda, ChargeIndicator: true caji ne, false ragi. Manhajar da ke ɗaukar rashin alamar a matsayin false za ta mai da kuɗin mota na 50,000 ya zama rangwame, lissafi ya kauce da 100,000.

Ku zauna da mai haɗa manhajar ku raba bayanan gida biyu, kuma kai ne za ka yanke, don hukuncin kasuwanci ne. Na dole: lambar inbois, kwanan wata, sunan kamfani, yawan kaya, ma'auninsa (katan ne, dozin ne ko guda), farashi, da nau'in kuɗi. In ɗaya ya ɓace, a ware takardar gefe, a rubuta wane layi ne da abin da ya ɓace, manhaja ta ci gaba da sauran takardun. Kada a ɗauka naira ce don kawai ba a ga currencyID, alamar nau'in kuɗi, ba, musamman in kana sari da dala ko yuwan. Na ganin dama, irin bayanin ƙarin haske ko lambar waya, a bar gurbinsu fayau.

Shi kuma mai haɗa manhajar ya duba waɗannan. A Java, item(0) na mayar da null idan getElementsByTagName bai sami komai ba, getFirstChild kuma kan iya kawo sararin da ke tsakanin layuka maimakon reshen da ake nema. A Python, find() na mayar da None, kuma a gwada da "is not None", domin ElementTree, mai karanta XML a Python, ya daɗe yana ɗaukar reshen da ba shi da 'ya'ya a matsayin ƙarya ko da farashi na cikinsa. Reshe na iya kasancewa amma wayam, wannan ma ɓata ne. Sau da yawa ma bayanin na nan, neman ne ba daidai ba: UBL na amfani da sunayen yanki (namespace), irin su cac da cbc, in ba a bayyana su a wajen nema ba komai zai dawo babu. Alamar ?. ta C# tana hana faɗuwa, amma ba ta gaya maka abin da ya ɓace, don haka ba ta wadatar a bayanan dole. Kuɗi kuma a riƙe shi da Decimal ko BigDecimal, kada kwabbai su riƙa zubewa.

Sai a tara kuɗin layuka duka a gwada da jimillar da ke LegalMonetaryTotal. In ba su zo daidai ba, takardar ta tafi gefe.

Game da biya, ka riƙe wani kaso, ko da kashi 30 cikin 100 ne, sai an yi gwaji a gabanka. Ka tattaro tsofaffin takardu daga kowane kamfani, har da duk waɗanda suka taɓa tsayar da ita. A ɗauki guda mai kyau a goge farashin layi ɗaya, a wata a goge ChargeIndicator, a wata a bar yawan kaya wayam. Duka ukun su faɗa jerin waɗanda aka ware, kowacce da dalilinta a rubuce, sannan ka cika masa kuɗinsa.