Tambaya da Amsa: Me ya hana irin furen fotulaka tsirowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Ƙanwata ta kawo mini irin furen fotulaka, wanda wasu ke kira furen ƙarfe goma, na shuka shi a kasko cikin ɗaki saboda kaji, na binne shi kamar gero, ina ba shi ruwa safe da yamma. Yau mako uku ko tsiro ɗaya ban gani ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kuskuren yana wajen binnewar nan. Irin fotulaka bai wuce ƙwayar rairayi girma ba, kuma sai ya samu haske yake tsirowa, saboda haka duk wanda ƙasa ta danne, a nan zai ruɓe, balle ga ruwa sau biyu a rana.

Ki huda gindin kaskon, ki cika shi da rairayi da ɗan tsohon taki, ki jiƙa shi tukuna. Sannan ki cuɗa irin da busasshen rairayi a tafin hannunki, ki barbaɗa a sama kamar mai sa gishiri a miya, ki danna da yatsa kaɗan, kada ki rufe. Ban ruwa kuwa ta ƙasa ake yin sa: ki tsoma gindin kaskon cikin faranti mai ruwa har saman ƙasar ya yi danshi, domin ruwan buta yana kwashe irin ya tara shi a gefe guda. Ki ɗaura farar leda a bakin kaskon, ki ajiye kusa da taga. Idan ɗakin yana da ɗumi, cikin kwana 7 zuwa 14 za ki ga tsiro, sai dai sanyin hunturu yakan jinkirta shi.

Da zarar sun fito, ki cire ledar, ki riƙa fitar da su rana a hankali, domin asalin furen daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil da Ajantina, kuma rana da ƙarancin ruwa ya saba da su. A inuwa tsayi kawai zai yi, ya yi siriri ya kwanta. Bayan mako biyar ko shida ki dasa su tare da ƙasar gindinsu, taƙi ɗaya tsakani, don saiwarsu ba ta son taɓi.

A ganina, in maƙwabciya tana da shi, ki roƙi reshe ki soka a rairayi, ya fi iri saurin kamawa.