Baƙar Laka Mai Wari: Tana Riƙe Silinyum Ko Tana Sakinsa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Auyo. An ce mana silinyum yana taruwa a lakar bakin teku, wurin da kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Wai da gaske oksijin ce ke sa ya fito ko ya kwanta? Kuma abin ya shafi fadamarmu?

Amsa: Da gaske ne ƙanena. Silinyum dai ma'adini ne da jiki ke so ɗan ƙanƙani, in ya yi yawa ya zama guba. A saman laka inda iska ke ratsawa yana zama silinet, wannan kuwa narkewa yake a ruwa ya bi duk inda ruwa ya bi. In oksijin ta ɗan ragu sai ya koma silinayit, shi kuma yana manne wa tsatsar ƙarfen da ke cikin laka. Ka tona ƙasa kaɗan ka tarar da baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, to can babu oksijin, ƙwayoyin bakteriya ne ke shaƙar silinet ɗin a madadinta, su mayar da shi ɗanyen silinyum da ba ya narkewa, sai ya kwanta.

Amma don Allah kar ka ce ya kwanta an huta, nan ne mutane ke ruɗuwa. Tsutsotsi da kifin ƙasa irin su tarwaɗa a lakar nan suke kiwo, tsuntsu ya ci su, haka silinyum ɗin ke hawa daga jikin wannan zuwa na wancan. A gaɓar San Faransisko ta Amurka ta jikin wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu irin ƙumba yake shiga kifi da agwagi, a tafkin Kesterson da ke can Amurka kuma a 1983 aka riƙa ganin 'yan tsuntsaye na ƙyanƙyashewa da nakasa, wasu ba ido, saboda ruwan da ya tsiyayo daga gonakin rani.

Mu ba mu da teku, amma ambaliya da bushewa aikinsu ɗaya da cikowa da janyewar teku. Fadama ta bushe ta tsage, ko a yashe magudana a jibge laka a gefe rana ta doke ta, iska ta shiga, in akwai silinyum sannu a hankali zai sake narkewa, ruwan farko ya kwaso shi. Gwajin lab ne kawai zai nuna ko akwai shi. In za ka ɗebi samfur, ɗebi ta sama daban ta ƙasa daban, ka cika mazubin taf ka rufe gam kar iska ta shiga kafin a kai.