Ƙarfen da ya yi ja da ɓawon da ke zuba

Ka tambaye ni, ɗana, ko ƙarfe idan ya yi ja a wuta ya yi laushi ya zama wani abu dabam. Bai zama ba. Ciro shi da awartaki, ka ɗora a uwar maƙera, ka buga, ka lanƙwasa yadda kake so. Siffarsa ce ta sauya, amma yana nan ƙarfensa. Launi da tauri da nauyi da zafin da abu ke narkewa a kansa, malaman kimiyya na kiran su siffofin zahiri, domin ana iya auna su ba tare da abin ya rikiɗe ba. Tsantsar ƙarfe sai ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyos yake narkewa, alminiyam kuwa a 660 ya zama ruwa.

Gobe ka gwada wannan: kai mayen ƙarfe kusa da sandar da ta yi jawur. Muddin ta haura digiri 770, ba zai kama ta ba. Bar ta ta huce, sai ka ga ya manne mata kamar da.

Yanzu duba gindin uwar maƙera. Ka ga baƙin ɓawon nan da ke zuba duk lokacin da masaba ta sauka? Wannan kam ya daina zama ƙarfe. Ƙarfe mai zafi ne ya haɗu da iskar oksijin, suka haifar da sabon abu. Murza shi da yatsa, zai zama gari; duk bugun duniya ba zai mai da shi sanda ba. Kada mayen ƙarfe ya ruɗe ka, shi ma yana kama shi. Yadda abu ke yi idan ya gamu da iska ko ruwa ko asid, ita ce siffarsa ta sinadari, kuma ba ka ganin ta sai abin ya sauya. Shi ya sa nake hana ka yawan mai da aiki wuta ba dalili: kowane ɗumi yana cin wani abu daga jikinsa.

Tsatsa ma hakan ce, sai dai a hankali take yi, kuma sai da danshi. Alminiyam shi ma yana haɗuwa da oksijin, amma siririyar fatar da yake yi tana toshe wa iska hanya. Tsatsa kuwa ɓarewa take, ta buɗe sabon wuri. Don haka duk abin da ka ƙera, goge shi, shafa masa mai, ka ɗaga shi daga ƙasa mai laima.