Hukuncin buga maƙalun da aka saki kyauta a intanet ana sayar wa ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da shagon fotokwafi a Kabuga, ina sauke maƙalun bincike da ake saki kyauta a intanet in haɗa in yi musu bango in sayar wa ɗalibai, wani lokacin nakan cire shafin farko mai sunan marubuci don a rage takarda. Wani ya ce min haramun nake ci.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Haƙƙin marubuci haƙƙi ne a shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bai halatta a keta shi ba. To amma mai abu in ya ce na yarda a ɗauka, ai magana ta koma kan sharaɗin da ya gindaya, Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Saboda haka kafin ka buga ka duba alamar lasisin, wato 'yan haruffan da ke nuna sharaɗin da marubuci ya gindaya kan amfani da maƙalarsa, galibi tana ƙasan shafin farko. In ka ga CC BY kaɗai, marubucin ya yarda a kwafa a fassara har a sayar, muddin an ambaci sunansa an kuma faɗi in an canza wani abu, kuɗinka halal ne. In an ƙara NC to ya hana kasuwanci da shi, abin da nake gani shi ne ɗalibi in ya kawo ya ce buga min ka karɓi kuɗin aikinka da takardarka ba laifi, amma kai ka buga ka jibge a shago kana cin riba sai ka nemi izini tukun. In an ƙara ND kuma ba a raba wa mutane shi in an canza, fassara ma tana ciki.

Cire suna kuwa, wallahi shi ya fi damuna. Mutum ya sha wahala ya yi bincike, wani ma da kuɗinsa ya biya mujallar don kowa ya karanta kyauta, abu ɗaya ya roƙa a ambace shi, shi ɗin ma a yage? Wannan saɓa sharaɗi ne kuma cin amanar ilimi ne, bai halatta ba. Ibnu Abdil Barr ya kawo cewa yana daga albarkar ilimi a jingina magana ga mai ita. Ga ɗalibin ma an cuce shi, zai zo rubuta furojet bai san wa zai ambata ba.

Waɗanda suka rage a shagonka ka mayar musu da shafin, na baya kuma ka yi istigfari. Wallahu a'alam.