Amsa ga Malam: Yadda Muke Hulɗa da Masana Abinci a Ingila

Malam, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawa mazauna Ingila muke yawan cewa an tura mu wajen masanin abinci, alhali ciwon sukari ko hawan jini ne ya kai mu asibiti. Tambayarka tana kan hanya, domin mu ma da farko mun ɗauka likita ne yake neman kai da mu.

Masanan nan iri biyu ne, kuma doka ce ta raba su. Na farko shi ne dayatishan, wanda ya yi digiri tare da horo a gefen gadon marasa lafiya, sannan ya yi rajista da HCPC, hukumar da take sa ido kan wasu ma'aikatan lafiya a Birtaniya. Laifi ne mutum ya kira kansa da wannan suna ba tare da rajista ba, kuma idan mai rajistar ya yi ganganci ana iya soke sunansa. Na biyu shi ne nutirishanis, wanda aikinsa ya fi karkata ga masu lafiya, a makarantu da kamfanonin abinci da ƙungiyoyin wasanni. Akwai ƙwararru sosai a cikinsu, sai dai doka ba ta kare sunan ba, rajistarsu ma ta ganin dama ce, saboda haka kowa yana iya wayar gari ya laƙaba wa kansa shi. Wannan ya sa duk wanda ya zo mana da shawara a WhatsApp, musamman mai haɗawa da tallan garin rage ƙiba, sai mun nemi sunansa a rajista kafin mu saurare shi.

Ba kai tsaye muke zuwa wajen dayatishan ba. Yawanci likitan unguwa ne yake rubuta takardar turawa a ƙarƙashin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, sai a jira layi, wanda wani lokaci yakan yi tsawon da zai gwada haƙurin mutum. A tsakaninmu mun saba kada a bar dattijo ya je shi kaɗai, kuma a tafi da wadda take riƙe da tukunyar gidan, tunda ita ce za ta aiwatar da abin da aka faɗa. Na taɓa raka surukata, tana ta mita a hanya wai da furfurarta za a koya mata cin abinci. Matar da muka samu ba ta hana ta komai ba a ranar. Ta karɓi takardar da muka rubuta duk abin da Hajiya ta ci cikin kwana uku, ta tambayi girman farantinta da yawan man da ake zubawa, sannan ta ɗebo gishiri a ƙaramin cokalin shayi ta ce wannan, kimanin giram 6, shi ne iyakar babba a yini, har da wanda yake ɓoye cikin kayan gwangwani. Hajiya ta yi shiru tana kallon cokalin.

Aikin dayatishan mai nauyi yana cikin asibiti, inda ba kowa yake gani ba. Su ne suke lissafa abin da za a zuba ta bututun hanci ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya, su ne kuma suke ƙayyade ruwa da sinadarin fotasiyam ga mai wankin ƙoda, domin yawansa a jini yana iya tsayar da zuciya. Tun 2016 aka ba waɗanda suka yi ƙarin horo a cikinsu damar rubuta wasu magunguna bisa tsarin da suka yi da likita.

Daga bakinsu muka fara jin cewa baƙar fata yana shiga haɗarin ciwon sukari da ƙibar da ba ta kai ta Bature ba, kuma saboda ƙarancin rana ana shawartar mu da shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum, rani da hunturu. Hajiya yanzu ita take tuna wa kowa a gidan ƙwayarsa bayan karin kumallo.